Darasi na 14: Yadda Ake Ba Babbar Masana'anta Odar Jakar Kayan Kwalliya

An shirya wannan darasi ne domin masu haɗa humra, turaren wuta, man kaɗanya, sabulun salo, dilka da lalle, mata da maza, waɗanda cinikinsu ya fara wuce ƙofar gida har suna tunanin zuba kayansu cikin 'yar jaka mai ɗauke da sunansu. Teloli da dukawa ma su kasa kunne, domin abin da za a nema wurin babban kamfani yau, shi za a nema wurinsu gobe. Wanda ke zaune a Darini, ko Batsari, ko Runka, ko Safana yana iya cewa ina shi ina masana'anta mai kekuna ɗari. To, masana'anta ba ta tambayar garin mutum. Abu uku take tambaya: me kake so, guda nawa, yaushe za ka biya. Wanda ya iya amsa su a rubuce za a saurare shi, ko daga wane ƙauye ya kira.

Jakar ba baƙuwa ba ce

Tun kafin zuwan zif da roba, ƙasar Hausa ta san ma'ajiyar kayan gyaran jiki. Wanzami yana da zabirarsa, aska da almakashi da ƙaho kowanne da mazauninsa. Mata suna da tandun kwalli na fata. Yau kuma a lefe, bayan manyan akwatuna, akwai ƙaramin nan da ake kira kit, inda hoda da jan baki da gazal da turare ke zama. Abin da ya sauya shi ne mai humra ta gane cewa ribar kwalba ɗai-ɗai ba ta da auki, amma in ta haɗa humra da turaren wuta da dilka da man shafawa a jaka guda ta kira shi saitin amarya, kuɗin ya fi tsoka. Bayan mai ya ƙare kuma jakar tana nan a ɗaki, da suna da lambar waya a jikinta.

Sai dai jaka ba ta gyara kayan da ba su karɓu ba. Wadda ba ta kai ga sayar da saiti ashirin ko talatin a wata ba, ta tsaya wurin telan unguwa tukuna, dozin biyu dozin uku, har cinikin ya zauna da gindinsa.

Yadda mai masana'anta yake lissafi

Kowa ya san mai injin niƙa ba ya tayar da inji saboda gwangwani ɗaya na dawa. Ba raini ba ne. Man da zai ƙona wajen tayarwa ɗaya ne, ko gwangwani aka kawo ko buhu. Masana'antar jaka ma haka take, kuma daga nan ne maganar mafi ƙarancin adadi ta samo asali, wato adadin da in oda ba ta kai shi ba ba za a karɓa ba. A takardun kamfanoni za ku ga an rubuta shi da haruffa uku, MOQ.

Ga abin da ke bayan wannan adadi. Masana'anta ba ta sayen yadi kamu-kamu, nannaɗe take sayensa, kuma in launin da kuke so babu shi a kasuwa sai an rina na musamman, marina kuwa tana da nata ƙarancin. Kafin a yanka jaka ɗaya sai an zana fatin ɗinta an yanke a kwali, wani lokaci har a ƙera wuƙar ƙarfe mai siffar kowane ɓangare. Tambari yana buƙatar allon bugawa, kowane launi da allonsa. Sannan masu ɗinki a jere suke aiki: wannan zif kaɗai yake sa wa, wancan shafi, na gaba bakin jaka. Ranar farko hannunsu bai faɗa ba, aikin yana tafiyar hawainiya. Duk wannan ɗawainiya kuɗinta ɗaya ne ko jaka 50 za a yi ko 5,000. In aka raba ta kan 50 ta yi nauyi, in aka raba kan 5,000 ba a ma jin ta.

Wanda ya fahimci haka ya san inda zai nemi sauƙi. Roƙo ba ya rage adadi. Abin da ke rage shi shi ne rage wa mai masana'anta wahalar shiri.

Oda iri uku ce. Mafi sauƙi, a ɗauki jakar da suka riga suka ɗinka suka ajiye, a buga mata tambari ko a ɗinka mata ɗan ƙyalle mai suna. Ta biyu, a ɗauki fasalin da suke da fatinsa, a zaɓi yadi da zif cikin waɗanda ke ɗakin ajiyarsu. Ta uku ita ce mutum ya zo da nasa fasalin, nasa launin, har da kan zif mai sunansa. Wannan ta ukun ita kowa ke mafarki, ita ce kuma ke karya masu ƙaramin jari, domin komai nata sabo ne, adadinta ya fi yawa, jiranta ya fi tsawo. A fara da ta farko ko ta biyu. Ba wanda zai ƙi sayen humra mai kyau don jakar ta yi kama da ta wata a Kano.

Sai haɗin gwiwa, wanda a ƙasarmu ba sai an koyar da shi ba, tunda ga adashe ga gayya. Mutum biyar, kowa na buƙatar jaka 100, in kowa ya je shi kaɗai ba za a kula shi ba. In suka yarda da girma ɗaya, yadi ɗaya, zif ɗaya, ya zama oda ɗaya ta 500, abin da ya bambanta kawai tambarin da za a liƙa daga ƙarshe. Wahalar ba wurin masana'anta take ba, tsakanin mutum biyar ɗin take: wannan tana son ja, waccan ruwan hoda, wata ta ce nata ya ɗan fi tsawo. Kowane bambanci sabon kuɗi ne. Ku gama wannan gardama a gida kafin ku kira kowa, ku kuma rubuta wa ya zuba nawa.

Lokaci ma yana da tasiri. Gab da Sallah babu telan Kano da zai ɗaga kai ya dube ku, a Aba kuma daga komawar yara makaranta a watan Satumba har Kirsimeti kekuna ba sa hutawa. A ƙasar Sin masana'antu sukan rufe makonni saboda bikin sabuwar shekararsu, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da kusan ƙarshen Fabrairu. Mai keken da ke zaune babu aiki ya fi sauƙin kai wajen ƙaramar oda.

Ina masana'antun suke

Mafi kusa da mu Kano ce. A Ƙofar Wambai ana samun fata da ledar jaka da zif da zare da masu ɗinkinsu, Kantin Kwari kuma yadi, ga masu buga tambari da suka saba da jakunkunan biki da na makarantu da na taro. Daga nan sai Aba ta jihar Abiya, inda kasuwar Ariaria ta yi suna a Afirka ta Yamma wajen takalma da jaka da bel. Legas tana da kamfanonin da ke yi wa bankuna da manyan shaguna jakunkunan talla, tana kuma da kasuwar fata a Mushin. Akwai abin lura game da Aba da Kano: akasarin masu aikin ƙananan shaguna ne, in babbar oda ta zo sai wanda ya karɓa ya rarraba wa maƙwabta. Ba laifi ba ne, amma shi ke sa a buɗe kwali a tarar da ɗinki iri uku. Ku tambaya tun farko: a nan za a ɗinka duka, ko za a raba?

Manyan masana'antun jaka na duniya kuwa yawancinsu a ƙasar Sin suke. Garin Baigou a lardin Hebei da garin Shiling a gefen Guangzhou sun shahara da jaka, Yiwu kuma babbar kasuwar sarin ƙananan kaya ce da 'yan kasuwar Kano suka daɗe da sanin hanyarta. A Guangzhou ake baje kolin Kanton, wanda aka fara a 1957, sau biyu a shekara, wajen Afrilu da wajen Oktoba. Wanda bai iya zuwa ba yana iya ganin dubban masu sayarwa a dandalin Alibaba ta wayarsa. Da yawa cikinsu dillalai ne, ba masu keke ba. Dillali ba abin gudu ba ne, shi ne ma ya fi karɓar ƙaramar oda, amma la'adarsa tana cikin farashin.

Kafin wani ya ɗoki wannan hanya, ga abin da masu talla a intanet ba za su gaya masa ba. Jerin kayan da Hukumar Kwastam ta Nijeriya ta wallafa cewa an hana shigowa da su ya daɗe yana ɗauke da takalma da jakunkuna da akwatuna, kuma jakar kayan kwalliya tana ƙarƙashin lambar kwastam ɗin da ta shafi jakunkuna, wato 4202. An keɓe sassan da ba a haɗa ba daga wannan hani. Gwamnati takan sake duba wannan jeri, don haka duk mai niyya ya sa ejan mai lasisi ya buɗe masa na shekarar da ake ciki kafin ya tura ko kwabo. Wani zai ce ai kasuwanninmu cike suke da jakar Sin. Gaskiya ne, kuma mu da ke maƙwabtaka da Jibiya mun san ba duk kaya ke bi ta ƙofa ba. Amma babban ɗan kasuwa in aka kama masa kwantena ɗaya yana da wasu a hanya. Mai humra in aka kama kwali goma, jarinta ne ya tafi gaba ɗaya, kuma ba ta da inda za ta kai ƙara.

Ga kuma dala. A farkon Yunin 2023 farashinta na hukuma bai kai naira 500 ba, zuwa Fabrairun 2024 ya haura 1,500. Wanda ya ba da kafin alƙalami a dala kafin sauyin, ya zo cika ragowar bayansa, ya ga tasku. Odar da aka ƙulla a naira ba ta tsira gaba ɗaya ba, tunda zif da yadin roba yawanci daga waje suke, amma aƙalla farashin da aka rubuta shi ne za a biya.

Saboda haka ra'ayin wannan littafi shi ne a ɗinka jakar a gida Nijeriya. Abin da ya cancanci a nemo daga waje, in ƙungiya ta yi ƙarfi, shi ne irin su kan zif mai suna da ƙyallen tambari saƙaƙƙe. Shi ma akwai ƙa'idarsa: Fom M da ake buɗewa ta banki, takardar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kaya ga kayan da dokarta ta shafa, takardar PAAR ta kwastam, kuɗin fito, da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa kuma a 2024, amma waɗannan na masu kwantena ne. Mai kwali biyu ya sayi kayansa wurin waɗanda suka riga suka shigo da su.

Takarda da samfur

Nan ne zuciyar darasin, a nan kuma aka fi yin asara. Kwatanta kiran mata biyu. Ta farko ta ce: "Alhaji, nawa ne jaka?" Amsar da za ta samu ita ce wace irin jaka, daga nan magana ta watse. Ta biyu ta ce:

"Salamu alaikum, Alhaji, barka da kasuwa. Daga Batsari nake kira. Mu biyar ne muna haɗa turare da man shafawa. Muna son jaka 500, girma ɗaya, yadi ɗaya, tambari biyar. Na turo maka takardar awo da hoto ta WhatsApp. In aikin ya yi kyau za mu dawo kafin Babbar Sallah."

"Madalla, Hajiya. Bari in duba takardar, zuwa la'asar za ki ji farashi."

Ba ta yi ƙaryar cewa ita babbar 'yar kasuwa ce ba, ba ta kuma yi alkawarin dubu goma ba. Masu masana'anta sun ji irin wannan cika baki har sun gaji.

Me ke cikin takardar? Da farko awo: tsawo, faɗi da zurfi, a santimita. Kada a ƙiyasta da ido. A jera ainihin kwalaben da za su shiga, a auna mafi tsawo a tsaye da murfinta, a ƙara kamar santimita biyu domin zif ya rufu ba tare da dole ba. A rubuta kuma iyakar kuskuren da za a lamunta, misali rabin santimita, domin ɗinki ba ya fita daidai wa daida. Sai yadin waje da sunansa da kaurinsa, sai shafin ciki, sai zif. Zif yana da lamba gwargwadon faɗin haƙoransa: lamba 3 siriri ne, lamba 5 ya fi dacewa da jakar da za a riƙa buɗewa kullum. Na roba mai kama da murɗaɗɗen zare ya fi bin lanƙwasa, na ƙarfe ya fi kyan gani amma yana cijewa a kwana. Sunan YKK, kamfanin Japan, shi ne ya fi shahara, saboda haka shi aka fi yi wa jabu. Sai tambari: girmansa, launinsa, da nisansa daga baki. Sai yadda za a shirya kayan, kowace jaka a ledarta, guda nawa a kwali.

Launi kada a yarda da shi ta waya. Abin da ya fito ruwan goro a wayarki yana iya fitowa ruwan ƙasa a tasa. A yanki ƙyalle a raba biyu, a aika rabi a riƙe rabi.

Daga nan a biya kuɗin samfur. Zai fi farashin jaka ɗaya tsada ninki da yawa, domin mutum guda ne zai bar aikinsa ya yi shi daga farko har ƙarshe. Ku nemi a rubuta cewa za a cire kuɗin daga babbar oda, da yawa suna yarda. In samfur ya iso kada a tsaya yaba kyansa, a wahalar da shi da irin wahalar da zai sha a ƙasarmu. A ɗiga humra a shafin a bar ta ta kwana, a ga ko ta ratsa zuwa waje. A shafa man kaɗanya, wanda zafin bazara ke narkarwa, a ga ko tsumma zai goge shi. A fesa turare a kan tambarin a murza da yatsa, domin sinadarin da ke cikin turaren fesawa yana cin wasu fenti. A goga farin ƙyalle mai laima a jikin yadin a ga ko yana zuba. A bar jakar a rana wuni guda: ledar da ake kira fatar roba, in mai arha ce, za ta yi danƙo ko ta fara saɓulewa. Farar roba mai nuna abin da ke ciki kuma takan sandare da sanyin hunturu har ta tsage a kwana. A ja zif gaba da baya har hannu ya gaji. A sansana cikin jakar ma, domin warin roba yana kama turaren wuta, kuma mai saye ba za ta zargi jakar ba, ke za ta zarga.

In an gyara abin gyarawa, a yi samfur biyu iri ɗaya. Ku sa hannu da kwanan wata a jikin duka biyun, shi ma ya sa, ɗaya a wurinsa ɗaya a wurinku. Ranar da gardama ta tashi, su ne alƙalai.

Yarjejeniya da biya

Sayen abin da ba a riga an yi ba tsohon babi ne a fiƙihu. A mazhabar Malikiyya yawanci ana duba shi ne da hukuncin salam: a san siffar kaya, a san adadi, a san ajali, a kuma ba da kuɗin tun farko ba tare da jinkirin da ya wuce kwana uku ba. Hanafiyya suna da babin istisna'i, wato sa mai sana'a ya ƙera abu, inda ba dole a biya duka a gaba ba, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta amince a jinkirta kuɗin ko a biya kashi-kashi. Mai son ƙarin bayani ya tuntuɓi malaminsa. Abin da bai da saɓani shi ne bayyana siffa da ajali, da kuma rubutawa da kafa shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni game da bashi. Takardar awon da muka yi bayani, ashe ba al'adar Turawa ba ce kaɗai.

A cinikin manyan masana'antu an saba ba da kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami, ragowar 70 bayan an gama an duba. Ƙananan shaguna sukan nemi rabi ko fiye, domin da kuɗinku za su sayi yadi. Ko nawa aka daidaita, a bar wani kaso mai tsoka a hannu har sai an ga kaya. A rubuta ranar gamawa, da abin da zai biyo baya in an saɓa, da wanda zai ɗauki nauyin gyaran jakar da ta fito da aibi, da cewa ba za a sauya yadi ko zif ba sai da izininku. A rubuta kuma a ina kayan ke fita daga wuyansa su shiga naku: a ƙofar shagonsa, a tashar mota, ko sai sun sauka Katsina.

Kuɗi ya bi ta banki, zuwa asusun da sunansa ya dace da sunan da ke kan rasit. Hukumar rajistar kamfanoni, CAC, tana da shafin da kowa zai iya binciken sunan kamfani a ciki. In aka ce a tura asusun wani yaro ko wani ɗan'uwa, a dakata. Ku ma ku yi rajistar sunan sana'arku a can, domin takarda mai suna da lamba tana sa a ɗauke ku da muhimmanci. Rajistar tambari daban ce, a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, inda kayan kwalliya ke rukuni na 3, jakunkuna kuma na 18. Abin da ke cikin kwalba kuwa, mai ko sabulu ko turare, hurumin hukumar NAFDAC ne, jaka mai kyau ba ta maye gurbin lambarta. Kada kuma a yarda a buga tambarin wani shahararren kamfani a jikin jakarku don ta yi kwarjini. Laifi ne a doka, kuma talla kuke yi wa wani da kuɗinku.

Duba kaya da kawo su gida

Gani ya kori ji. Kafin a cika kuɗi, ɗaya daga cikinku ko wani amintacce ya je da samfurin da aka sa wa hannu. Ba sai an duba duka ba, kuma kada a bar mai shago ya zaɓo waɗanda za a duba. Akwai jadawalin da masu duba kaya ke amfani da shi a duniya. A matakin da aka fi bi, in kayan 281 zuwa 500 ne, a zaro 50 daga kwalaye daban-daban, sama da tsakiya da ƙasa. In masu babban aibi, irin zif da ba ya rufuwa ko ɗinki da ya warware ko tambari a karkace, ba su wuce 3 ba, a karɓa. In sun kai 4, a mayar a sake tantance duka. In kayan 501 zuwa 1,200 ne, a zaro 80, a lamunci 5. Ku sa wannan sharaɗi a yarjejeniya tun farko, kada ya zo wa mai shago ba zato ranar ɗaukar kaya.

A ƙirga kwalaye a gaban direba, a rubuta lamba a jikin kowanne, a karɓi takardar tasha mai lambar mota da lambar waya. Halin rashin tsaron da hanyoyin Batsari da Safana suka shiga a shekarun nan ba sai an gaya wa mazauna gefen dajin Rugu ba. Ya fi a sauke kaya wurin wakili a Katsina ko Dutsin-ma, a shigo da su kaɗan-kaɗan da rana. Wannan wakilin yana da wani amfani: a Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana, aka yi watanni babu kira. Ku ba masana'anta lamba ta biyu ta wani da ke birni, ku kuma ajiye kwafin yarjejeniyar a takarda, ba a waya kaɗai ba.

Ainihin kuɗin jaka ɗaya

Alƙaluman nan misali ne domin koyon lissafi, ba farashin kasuwa ba. A ce ku biyar an yi muku jaka 500 a kan naira 1,800, wato 900,000. Samfur ya ci 25,000, tambari biyar 40,000, leda da kwali 30,000, mota daga Aba zuwa Kano 60,000, daga Kano zuwa Batsari 25,000, tafiyar mai dubawa da masaukinsa 70,000. Ƙarin ya kama 250,000, jimla 1,150,000. Da aka zazzage a gida sai aka tarar 20 ba za su sayu ba, saura 480. In aka raba 1,150,000 gida 480, kowace jaka ta tsaya kusan naira 2,400. Jakar da aka ce 1,800 ce ta ƙaru da sulusi.

Yanzu a ce wani tela a Katsina zai yi muku guda 50 a kan 2,500. Bambancin naira 100 ne kacal, babu tafiya, babu jiran makonni, kuma ba ku binne fiye da miliyan a kwali ba. Wadda ke sayar da saiti 25 a wata za ta kusa wata huɗu kafin ta ga bayan kasonta, kuɗin da da ta juya shi a turare sau da yawa. Babbar masana'anta tana fara riba ne in adadin ya yi yawa har ƙarin nan ya narke a ciki, ko kuma in telan gida ya kasa fitar da ɗinki iri ɗaya.

Aikin aji da na gida

1. Kowa ya zo da kwalabe ko robobin da yake sayarwa da tef ɗin awo. Ku auna, ku rubuta tsawo, faɗi da zurfin jakar da za ta ɗauke su.

2. Ku rabu biyar-biyar. Kowane rukuni ya daidaita kan girma ɗaya da launi ɗaya, ya rubuta takardar awo cikakka. Malami ya zama mai masana'anta, ya mayar da duk takardar da ta bar masa abin tambaya.

3. A lissafin da ya gabata, in odar ta zama jaka 1,000 a kan naira 1,600, kuɗin mota biyun da na leda da kwali suka ninka, sauran ƙarin bai sauya ba, aka kuma sami 40 marasa kyau, nawa kowace jaka ta tsaya?

4. Ranar kasuwa mai zuwa, ku nemi farashin zif lamba 3 da lamba 5 da yadin shafi wurin mutum biyu daban-daban, ku kai takardar awonku wurin tela ko baduku ya faɗa muku kuɗin dozin biyu. Ku zo da amsar a rubuce darasi na gaba.